Ciwon Farcen Ƙafa da Batun Hasken Leza



Abin da ya tara mu yau ƙaramin abu ne a ido, watau farcen ƙafa. Da yawa daga cikinmu sun san yadda farcen babban yatsa yakan sāke launi, ya yi rawaya ko baƙi, ya yi kauri, ya riƙa marmashewa har takalmi ya gagari mutum. Wannan ba karkare ba ne, ba kuwa jifa ko sammu ba. Wata ƙwayar cuta ce dangin fumfuna, 'yar'uwar wadda ke kawo makero da ƙora, takan shiga ƙarƙashin farce ta zauna tana cinsa sannu a hankali.

Abin da wannan ƙwaya take so shi ne laima da ɗumi, mu kuwa a nan Allah ya hore mana su. Daminarmu takan kama tun daga Afrilu har Oktoba, ta fi ta Kano da Katsina tsawo nesa. Manomin citta a Kachia ko Kwoi yakan wuni ƙafarsa cikin takalmin roba, mai aikin fadama cikin taɓo, soja da ɗan sanda cikin safa mai gumi. Galibi abin yakan fara da ƙaiƙayi da saɓulewar fata a tsakanin yatsu, sa'an nan ya haura farce. Akwai kuma masu yankan farce na kasuwa, waɗanda almakashi ɗaya yake zagaya ƙafafu masu yawa ba tare da an tafasa shi ba.

To, ga tallace-tallace suna shigowa ta wayar hannu, wai akwai na'ura mai hasken leza da take ƙone cutar a zama ɗaya, ba ƙwaya ba allura. Shi leza haske ne da aka tattara wuri guda ya yi ƙarfi ƙwarai. Wani masani a Amurka, Theodore Maiman, shi ya fara haɗa na'urarsa a 1960, kuma lalle ya yi amfani mai yawa a aikin ido da na fata. A kan farce, dabarar ita ce hasken ya ratsa ya ɗumama abin da ke ƙarƙashi, da fatan zafin ya halaka ƙwayar.

Amma fa a lura da kyau. Sa'ad da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yarda a sayar da irin wannan na'ura a 2010, ba ta ce tana warkar da cutar ba. Abin da ta amince da shi kawai shi ne, na'urar takan ƙara wa farce haske na ɗan lokaci. Tsakanin farce ya yi kyaun gani da cuta ta mutu akwai tafiya mai nisa, masu talla kuwa ba su cika faɗin wannan ba. A 2020 masanan ƙungiyar Cochrane suka tattara gwaje-gwajen da aka yi, suka tarar hujjar ba ta kai a dogara da ita ba. Hausawa sun ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. A ganina, wanda ya sayar da cittarsa ya yi kuɗin mota zuwa birni domin wannan haske, ya sayi tsammani ne da tsada.

Hanyar da aka gwada aka ga amfaninta tana farawa daga asibiti. Kusan rabin faratan da suka lalace ba fumfuna ce ta lalata su ba. Wasu tuntuɓe ne, wasu matsin takalmi, wasu wata cutar fata dabam. Saboda haka akan kankari ɗan ɓurɓushin farcen a duba a ɗakin gwaji. Wannan ya fi zama wajibi a ƙasarmu, domin akwai wata iri mai taurin kai da likitoci ke kira Scytalidium, wadda aka samu a ƙafafun masu haƙar kwal a Enugu cikin shekarun 1980, ba ta kuwa jin magungunan da sauran ke ji. A fara da babban asibitin Kafanchan; in da bukata za a tura mutum asibitin koyarwa na Jos ko na Shika.

In an tabbata, likita yakan ba da ƙwayar terbinafine, miligiram 250 kullum har mako 12. A gwajin da aka yi mata, cikin mutum 100 cutar ta mutu a jikin 70, amma 38 ne kaɗai farcensu ya koma garau. Kun ga ita ma ba ta gama komai ba, sai dai ta fi sauran. Kada kowa ya saye ta a kemis da kansa, gama tana iya taɓa hanta. Mai ciwon hanta, da mai shan burkutu ko giya da yawa, da mace mai ciki ko goyo, su faɗa wa likita gaskiya tun farko. Wanda yake sha ya ga idonsa ya yi rawaya ko fitsarinsa ya yi duhu, ya daina nan take ya koma asibiti. A kuma duba lambar NAFDAC a jikin kwali.

Sa'an nan sai haƙuri. Farcen ƙafa ba ya tsiro fiye da milimita ɗaya da 'yan kai a wata, sai ya yi shekara ko shekara da rabi kafin sabo ya maye gurbin tsoho. Kafin nan a riƙa tsane tsakanin yatsu bayan wanka da alwala, a shanya takalmi a rana, a canja safa kullum, kowa kuma ya riƙe abin yankan farcensa.

Masu ciwon sukari, da ku nake musamman. Ƙafarku ba ta jin ciwo yadda ya kamata, farce mai kauri kuwa yakan huda nama ya zama gyambo, gyambon ya kai ga yanke ƙafa. Kada ku yanke shi da reza, kada ku bari a gasa muku shi da kowane irin zafi sai likitanku ya gani. Duk ranar da kuka je awon sukari, ku tuɓe takalmi ku nuna wa ma'aikacin lafiya ƙafafunku duka biyu.