Gilashin Taga da Zafin Ɗaki a Birnin Kudu da Gwaram



Duk wanda ya san Birnin Kudu da Gwaram ya san zafin bazara, lokacin da awon zafi kan kai digiri 40 ko ya wuce. Kakanninmu sun yi maganinsa da bangon tubali mai kauri, da rufin azara, da 'yar taga can sama. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991 kuwa, ofisoshi da makarantu da asibitoci sai ƙaruwa suke yi, galibinsu da manyan tagogin gilashi. Mu da za mu riƙe ma'aikatu gobe, lalle ne mu san abin da gilashin nan yake jawo mana.

Halin gilashi biyu ne masana suke aunawa. Na farko shi ne yadda zafin iska yake ratsa shi. Wannan shi ne damuwar mutanen Turai, shi ya sa suke haɗa gilashi biyu su bar iska a tsakani, don kada ɗumin ɗaki ya tsere da hunturu. Na biyu shi ne yawan zafin rana da yake bari ya shigo. Wannan shi ne namu, domin ko sanyin Janairu bargo yana maganinsa.

Farin gilashi falle ɗaya yakan bar wajen kashi 85 cikin 100 na zafin rana ya shiga. Hasken ya faɗa kan daɓe da bango, su ɗauki zafi, zafin nan kuwa ba ya fita da sauƙi. Bari mu yi lissafi. Idan ranar la'asar tana zuba wat 600 a kan kowace murabba'in mita, to, taga mai murabba'in mita 2 da ke duban yamma za ta shigo da wajen wat 1,000, watau kamar an kunna dutsen guga an bar shi a ɗaki. Na'urar sanyaya ɗaki mai ƙarfin doki ɗaya kuwa wat 2,600 ne iyakar abin da take cirewa. Taga uku irin wannan sun cinye aikinta ke nan, ga kuɗin man janareto yana ta tafiya.

Ba sai an gama gini za a gane haka ba. Akwai manhajar kwamfuta, irin su EnergyPlus wadda Amurka ta fitar a 2001, da ake zana gini a ciki, a sa mata yanayin wurin na kowace sa'a ta shekara, ta faɗi yawan sanyayawar da za a bukata. Sai a sauya gilashi, a sake gwadawa. Gilashi mai shafin azurfa marar kauri yana iya rage zafin da ke shigowa zuwa ƙasa da rabi, haske kuma ya wadata. Amma sai an sa mata yanayinmu. Wanda ya sa na Landan ya auna gonar wani.

Daɗin daɗawa, rana a ƙasarmu bisa kai take bi. Gajeriyar rumfa ta isa ta kare tagar kudu da ta arewa, amma ta gabas da ta yamma rana ta gefe take dukan su. Don haka ƙa'idar tattalin makamashi a gine-gine ta Nijeriya, ta 2017, ta ce kada taga ta wuce kashi 20 cikin 100 na bango sai an yi mata inuwa.

Saboda haka, 'yan'uwa, ranar da aka kawo zanen aji ko ɗakin majiyyata teburinmu, kafin mu sa hannu mu tambaya: ina tagogin suka fuskanta, wane gilashi ne, ina inuwarsu? Yaron da zai zauna a ajin nan a watan Afrilu ba shi da wakili sai mu.