BIN NA GABA BIN ALLAH
Jawabin Babban Mai Wa'azi a Bikin Cika Shekara 50 na Ikilisiya

Nassi: Littafin Firistoci 25, 1 Sama'ila 15, Ibraniyawa 13:17



Hausawa sukan ce bin na gaba bin Allah ne. Yau ina so mu auna wannan magana da Littafi Mai Tsarki, domin shekara 50 ba a kawo ta da ƙarfin mutum ba.

1. Jubili kanta gwajin biyayya ce

A Littafin Firistoci sura 25, idan shekara ta 50 ta zo, sai a busa ƙaho, a saki Ba'isra'ilen da talauci ya sa ya sayar da kansa, a mayar wa kowa gonar gadonsa. A shekarar ba shuka, ba girbi. Manomi ya san nauyin wannan umarni. Wa zai ga damina ta sauka ya rataye garma, in ba wanda ya gaskata cewa ƙasar ta Allah ce? Saboda haka jubili ba cin shinkafa da ɗinka anko kaɗai ba ne. Rana ce ta mayar wa Allah abin da yake nasa.

2. Baiko ba ya maye gurbin biyayya

An aiki Sarki Saul ya hallaka Amalekawa da dukan abin da suke da shi. Ya bar Sarki Agag da rai, ya ware tumaki da shanu masu ƙiba, ya ce na hadaya ne. Annabi Sama'ila ya sa shi ya gane cewa ba a sayen Allah da kitsen dabba, sarauta kuma ta kuɓuce masa. 'Yan'uwa, yau za a buɗe gidauniya, muna kuwa bukatarta. Amma wanda ya ba da buhun siminti 100 alhali ba ya gaisawa da ɗan'uwansa, ko yana riƙe da haƙƙin gwauruwa, hadayar Saul ya kawo.

3. Waɗanda suka riga mu

A 1893 samari uku, Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Legas da nufin kawo bishara ƙasar Sudan. A 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida, zazzaɓi kuma ya kwantar da Bingham. A idon mutum aikin ya mutu. Amma a 1902 tashar farko ta SIM ta kafu a Patigi, a 1932 kuma aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Bayansu masu bishara 'yan ƙasa suka bi ƙauyuka a ƙafa da keke. In majalisa ta ce su tashi, sai su ɗaure kaya, ba su tambaya ko akwai rijiya a can ba.

4. Haƙƙin shugaba da iyakarsa

Ibraniyawa 13:17 ta umarce mu mu saurari shugabanninmu, domin za su ba da lissafin rayukanmu. Ina muke a yau? An yi wa fasto canjin wurin aiki, sai a rubuta takardar ƙorafi ba sa hannu. An sa mutum a horo, mako mai zuwa ya koma wata ikilisiya. An yi zaɓen dattawa, sai kowa ya nemi ɗan ƙabilarsa. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Mu shugabanni kuma, kada mu yi murna da wuri. A 1 Bitrus sura 5 an hana mu kiwon garke don kuɗi, an hana mu nuna masa iko. Ubangijinmu da kansa ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa. Sa'ad da majalisar Yahudawa ta hana manzanni wa'azi, Bitrus ya nuna musu cewa inda umarnin mutum ya ci karo da na Allah, na Allah ake bi (Ayyukan Manzanni 5). Idan fasto ya ce wa ma'aji ya canza lissafi, ƙin yi shi ne biyayya. Bin na gaba bin Allah ne muddin na gaban yana bin Allah.

Kammalawa

Kafin mu watse, ina roƙon abu uku. Wanda yake gaba da wani dattijo, ya same shi yau. Shugaban da ya danne wani, ya nemi gafara. Iyaye kuma su daina cin naman fasto a gaban yara, gama yaran nan su ne za su yi bikin shekara 100.

Ubangiji ya sa albarka ga Maganarsa. Amin.