Kuɗin Tafiyar Da Ta Fasu: Jawabi Ga Hausawa Mazauna Birtaniya

  

Zan yi magana ne a kan kuɗin da muke bari a hannun kamfanonin jirage da otal-otal da ejan-ejan duk lokacin da tafiya ta fasu. Mutum zai shafe watanni yana aikin dare, ya yanki tikitin iyalinsa zuwa Abuja don hutun ƙarshen shekara, ko ya biya kuɗin Umarar azumi, ko ya kama wa yara otal a Istanbul. Ana saura mako biyu sai ciwo ya kwantar da shi, ko a buga waya daga gida a ce an yi rashi. Ya duba takarda ya ga an rubuta ba a mayar da kuɗi, sai ya ce Allah ya sa haka shi ne mafi alheri, ya rufe zancen. Addu'ar daidai ce. Rufe zancen ne yake damuna, domin wannan rubutu na kamfani bai fi ƙarfin dokar ƙasa ba, kuma kuɗin guminku ne da haƙƙin 'ya'yanku.

Kafin komai a tambaya: wa ya fasa? Idan kamfanin jirgi ne ya soke tashi daga filin jirgin ƙasar nan, kowane irin tikiti ka yanka, kana da ikon karɓar kuɗinka gaba ɗaya cikin kwana 7. Za su so su ba ka takardar da za ka yi wata tafiya da ita nan gaba, amma ba dole ka karɓa ba. Idan kuwa tafiyar a haɗe aka sayar maka, jirgi da masauki a farashi guda, kuma mai shirya ta ya soke, kwana 14 doka ta ba shi ya biya ka. Saboda haka in kun ji ƙishin-ƙishin yajin aiki ko rufe filin jirgi, kada ku yi gaggawar sokewa da kanku. Wanda ya riga sokewa shi yake ɗaukar asara.

To, idan kai ne ka fasa fa? Gaskiya a nan hanya ta ƙuntata. Kwana 14 ɗin nan da ake ba mai sayen kaya ta intanet ya canza shawara bai shafi tikitin jirgi ko ɗakin otal na ranar da aka tsayar ba. Amma ba a tashi hannu rabbana.

A cikin kowane tikiti akwai harajin fasinja na gwamnati, wanda a shekarar 2025 ya kai fam 90 ga babban mutum mai zuwa Najeriya a kujerar talakawa. Gwamnati ba ta karɓar wannan haraji sai fasinja ya tashi. In ba ka tashi ba, kuɗin yana aljihun kamfani, kuma ba zai kira ka ya ce zo ka karɓa ba. Ka nema. Wasu kan cire ladan aiki, amma a tikitin mata da miji abin da ya rage ya isa cefane.

Masu biyan Umara da hutun da aka haɗa, ku saurara da kyau, domin dokar 2018 ta tafiye-tafiyen haɗe ta tsaya muku fiye da yadda kuke zato. Kana iya mayar da tafiyar ga wani, ƙaninka ko maƙwabcinka, muddin ka sanar kwana 7 ko fiye kafin tashi kuma aka biya kuɗin canza suna. In kuwa sokewa za ka yi, abin da za a cire maka dole ya zama mai hujja, a duba abin da kamfanin ya tsira da shi da kuma ko ya sake sayar da gurbinka. Kana da damar cewa a nuna maka lissafin. Kujerar Umara ta goman ƙarshe ba ta kwana babu mai saye, to don me za a karɓi kuɗinta sau biyu? Haka otal. Ka kira manaja kai tsaye, ka yi magana da ladabi, ka roƙi a ɗaga maka rana ko a mayar maka in an samu wanda ya kama ɗakin. Sau da yawa wannan kiran kaɗai yana wadatarwa.

Yanzu maganar inshora. Na san malamanmu sun yi bayani a kanta, wasu sun fi natsuwa da takaful, kuma hukuncin nasu ne. Ni dai ga wanda zai saya nake cewa ya saya ranar da ya biya tikiti, domin ba ta ɗaukar abin da ya riga ya faru. Ya faɗi gaskiyar ciwon da yake da shi, hawan jini ne ko ciwon suga, ya kuma tambaya ko za a biya idan mahaifi mai jinya a gida ya rasu. Ya duba gargaɗin ma'aikatar harkokin wajen Birtaniya, domin ta sa jihohin arewacin Najeriya da dama cikin wuraren da take hana zuwa ko take cewa sai da larura, kuma inshora da yawa ba ta aiki a irin waɗannan wurare. Akwai kuma abin da ya fi kama mu. A gida in an yi rasuwa da safe, kafin azahar an kai mamaci makwancinsa, ba wanda ya tuna da takarda. Kamfanin inshora kuwa ba ya karɓar saƙon ta'aziyya na WhatsApp. Ko da zuciya tana ƙuna, a sa wani ɗan'uwa ya karɓo takardar asibiti da takardar shaidar mutuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa a Najeriya. Kuma don Allah kada kowa ya nemo takardar likita ta ƙarya. Haramun ce, laifi ce a doka, tana kuma iya ɓata wa mutum takardun zamansa.

Yadda ka biya ma yana da tasiri. Sashe na 75 na dokar bashi ta 1974 ya ce abin da ka saya da katin bashi, wanda farashinsa ya haura fam 100 bai wuce fam 30,000 ba, bankinka yana da alhaki tare da mai sayarwa idan aka saɓa alkawari. Mai katin cirar kuɗi yana iya neman banki ya janyo masa kuɗinsa ta tsarin Visa ko Mastercard, galibi cikin kwana 120. Duka biyun suna aiki ne idan ba a ba ka abin da ka biya ba. Ba sa aiki don kawai ka fasa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne mai tura dubban fam cikin asusun wani don an ce namu ne, ba rasit, ba yarjejeniya. Ranar da abu ya lalace kunya ta hana shi magana, banki kuma ba abin da zai yi masa. Duk mai sayar da Umara haɗe da jirgi a ƙasar nan dole tafiyar ta kasance ƙarƙashin ATOL, tsarin da ke kare kuɗin matafiya, kuma ya miƙa maka takardar shaidarta da zarar ka biya. Lokacin da kamfanin tafiye-tafiye na Thomas Cook ya durƙushe a Satumbar 2019, wannan takarda ce ta mayar wa ɗimbin mutane kuɗinsu. Neman ta ba rashin yarda ba ne, kuma ejan na gari ba ya jin haushin wanda ya tambaya.

Kome za ku nema, ku nema a rubuce ta imel, da lambar tikiti da kwanan wata. Banki ko kamfanin inshora yana da mako 8 ya ba da amsar ƙarshe. In ba ta gamsar ba, akwai Financial Ombudsman Service, kyauta ne, kuma kana da wata 6 ka kai kuka. Citizens Advice ma suna taimakawa ba ko sisi.

Matasanmu masu jin Turanci da kwamfuta, iyayenku mata da dattawa su ne suka fi yin wannan asara, saboda wasiƙar ce take yi musu nauyi. Bayan sallar la'asar zan zauna a bayan zauren nan. Duk mai tikiti ko rasit na tafiyar da ta fasu ya kawo mu duba tare, kuma ina roƙon mutum uku ko huɗu daga cikinku su zauna da ni mu rubuta wasiƙun.