Atisayen Damben Boksin ga Masu Fama da Cutar Parkinson: Asalinsa da Iyakar Hujjarsa

Cutar Parkinson, wadda ta samo sunanta daga likitan birnin Landan James Parkinson da ya fara bayyana siffofinta a rubuce a shekarar 1817, ciwo ne na ƙwaƙwalwa da ke tasowa idan ƙwayoyin da ke samar da sinadarin dofamin suka riƙa mutuwa sannu a hankali, shi kuwa dofamin shi ne ɗan saƙon da ƙwaƙwalwa ke dogaro da shi wajen tayar da motsi da daidaita shi. Manyan alamominta su ne makyarkyatar hannu ko ƙafa yayin da mutum yake zaune shiru, da sandarewar gaɓɓai, da nawar motsi, da raunin tsayuwa wanda kan kai ga yawan faɗuwa. Murya ma takan shaƙe, taku ya gajarta, rubutu ya ƙanƙance. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutane fiye da miliyan 8.5 ne ke ɗauke da ita. Maganin lebodofa, wanda aka dogara da shi tun ƙarshen shekarun 1960, yana sassauta alamomin ƙwarai, sai dai ba ya tsayar da ciwon, kuma raunin tsayuwa na cikin abubuwan da ba su cika jin magani ba, abin da ya sa masana suka daɗe suna neman taimako daga motsa jiki.

Haɗa sunan wannan cuta da dambe yana da ban mamaki, tun da mutumin da duniya ta fi saninsa da ita shi ne zakaran boksin Muhammad Ali, wanda aka tabbatar yana ɗauke da ita a 1984, shekaru uku bayan ya ajiye dambe, ga shi kuma an san yawan bugun kai yana cutar da ƙwaƙwalwa. Wanda ya saba da damben gargajiya, inda ake naɗe hannu da zare a shiga fage neman kisa, zai iya ɗauka cewa majinyata ake haɗawa su naushi juna. Atisayen da wannan takarda ke magana a kai ba shi da abokin karawa ko kaɗan: shirin da ɗan dambe yake yi kafin ranar karo kawai aka ɗauko, aka bar karon.

Tsarin da ya fi shahara shi ne na ƙungiyar Rock Steady Boxing, wadda aka kafa a 2006 a birnin Indiyanafolis na ƙasar Amurka. Wanda ya assasa ta, Scott Newman, tsohon babban mai gabatar da ƙara ne na yankin, an kuma gano yana da cutar yana ɗan shekara 40, sannan ya lura cewa jikinsa ya ƙara sauƙin sarrafuwa bayan ya shiga horon dambe tare da wani abokinsa tsohon ɗan boksin. Daga ƙaramin ɗakin horo guda, tsarin ya yaɗu zuwa ɗaruruwan rassa a Amurka da wasu ƙasashe, inda ake raba mahalarta zuwa matakai huɗu gwargwadon tsananin ciwonsu, tun daga wanda bai daɗe da kamuwa ba har zuwa wanda sai a zaune yake naushi, da mai riƙe shi a gefe.

Hikimar abin tana cikin yadda kowane sashe na horon yake cin karo da wata alama ta cutar. Ciwon yana ƙanƙantar da motsi ba tare da majinyaci ya ankara ba, shi kuwa naushin buhun da aka rataye yana buƙatar a miƙe hannu har ƙarshe, a juya ƙugu da kafaɗa, wato daidai wuraren da sandarewa ta fi kamawa. Wasan ƙafa, wanda ya ƙunshi matsawa gaba da ja da baya da gocewa gefe, yana tilasta wa mutum sauya nauyinsa daga wannan ƙafa zuwa waccan, kuma juyawa da ja da baya su ne inda masu wannan cuta suka fi faɗuwa. Idan mai horarwa ya ɗaga tafukan fata yana kiran lambobi, kowace lamba da irin naushinta, sai majinyaci ya saurara, ya tuna, ya aikata a lokaci guda, alhali haɗa tunani da motsi na daga cikin abin da ciwon ke lalatawa. Kiran da ke zuwa daga waje yana da wani amfani na daban, domin an daɗe da sanin cewa mai cutar da ƙafarsa ta kafe a ƙasa yakan iya ɗaga ta idan ya ji ƙidaya ko ya ga layi a gabansa. Hatta ihun da ake sa su yi yayin naushi ba na banza ba ne, horo ne ga muryar da take shaƙewa.

Sai dai ma'anar da tsari ya yi a hankalce ba ta isa hujja ba. Binciken farko da Stephanie Combs da abokan aikinta na Jami'ar Indiyanafolis suka wallafa a 2011 ya bibiyi mutum shida ne kacal, duk da cewa an ga ci gaba a tsayuwarsu da tafiyarsu. A 2013 suka kwatanta rukunin dambe da rukunin motsa jiki na yau da kullum a tsakanin mutum 31, sai rukunonin biyu suka amfana, 'yan motsa jiki na yau da kullum ma suka fi samun ƙwarin gwiwa a kan tsayuwarsu. Shi ya sa wasu masana na Ostareliya suka yi tambaya a wani nazari na 2019 ko yaɗuwar wannan tsari ba ta riga hujjarsa gudu ba. Hujjar da ta fi ƙarfi ta fito ne daga wasu hanyoyin: gwajin da aka wallafa a 2018 a kan mutum 128 ya nuna cewa waɗanda suka yi sassarfa mai tsanani a kan injin gudu na tsawon wata shida alamominsu kusan ba su ƙaru ba, saɓanin waɗanda ba a sa su ba. Babban nazarin ƙungiyar Cochrane na 2023, wanda ya tattara gwaje-gwaje 156, ya tarar cewa galibin nau'o'in motsa jiki suna da amfani, kuma bambancin da ke tsakaninsu kaɗan ne.

Abin da ke aiki ke nan shi ne tsananin motsin da bambancinsa da kuma dorewa a kai, ba safar dambe ba. A kan dorewar ne dambe ya cancanci yabo, domin atisayen da likita ya rubuta a takarda akan jingine shi bayan 'yan makonni, amma mutumin da ciwo ya killace a ɗaki, idan ya sami wurin da ake kiransa ɗan dambe, ya tarar da ire-irensa suna jiransa, ya fi yiwuwa ya koma. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga cutar da ke tafe da baƙin ciki da mutuwar zuciya.

Haɗarin da ke ciki sananne ne: faɗuwa, da jiri saboda saukar hawan jini idan an miƙe tsaye, wanda ciwon da magungunansa duka kan jawo, da kuma nauyin da atisaye mai tsanani ke ɗora wa zuciyar dattijo. Ana kira ga likitocin ƙwaƙwalwa da masu gashin gaɓɓai da su duba majinyaci kafin ya fara, su daidaita lokacin horo da lokacin da magani ke aiki a jikinsa, su kuma faɗa masa ƙarara cewa dambe ba ya maye gurbin lebodofa, kuma har yanzu ba a tabbatar yana hana ciwon ci gaba ba.