Yaƙi da ƙuduji a gonakin hatsi

Manoman Bonkuku, da na Filinge, da na dukan ƙasar Kurfai, barkanku da aiki. Yau maganarmu a kan ƙuduji take, wanda waɗansu ke kira wuta-wuta. Za mu ji yadda manomi zai rage shi a gonarsa ba tare da sayen maganin feshi ba.

Mu fara da sanin halinsa. Irin ƙuduji ƙanana ne ƙwarai, kamar ƙura. Yana kwance cikin ƙasa, yana jira. Idan saiwar hatsi ko ta dawa ta zo kusa da shi, sai ya tsira, ya kama ta, ya riƙa tsotse ruwa da abincin shuka. Yakan yi wajen wata 1 ko fiye a ƙarƙashin ƙasa kafin ya fito. Shi ya sa za ku ga hatsi ya tsumbure, ya yi ɗorawa, alhali ana ruwa.

Ƙuduji guda ɗaya yana iya zubar da iri fiye da dubu 50. Irin nan yana iya yin fiye da shekara 10 cikin ƙasa bai mutu ba. To, kun ga inda maganar take: kada a bar shi ya yi iri. Ga hanyoyi huɗu.

Ta ɗaya, cirewa da hannu. Bayan noma na biyu, ku riƙa zagaya gona kowane mako. Ku tuge shi tun bai yi fure ba. Idan ya riga ya fid da jan furen nan nasa, kada ku yar da shi cikin gona, don irin zai nuna ko da an cire shi. Ku tara shi wuri ɗaya, ku ƙone. Bayan girbi ma ku koma, ku cire wanda ya rage.

Ta biyu, taki. Ƙuduji ya fi ƙarfi a gonar da ta gaji. Mutanen Bonkuku sun san amfanin taki a garkar dankalin turawa. Gonar hatsi ma tana bukatarsa. Ku haƙa ramin taki, ku bar shi ya ruɓe sosai kafin ku kai gona. Ku shirya da makiyaya su kwana da dabbobinsu a gonarku da rani. Kada ku sare gawo. Ganyensa taki ne, kuma kowa ya ga yadda hatsi ke kyau a gindinsa a cikin Dallol Boso.

Ta uku, canza shuka. Saiwar gyaɗa, da ta riɗi, da ta wake tana sa irin ƙudujin hatsi ya tsira, amma ba ya iya kama ta. Sai ya rasa abinci, ya mutu. Saboda haka, inda ya yi yawa, ku shuka ɗaya daga cikinsu bana, hatsi baɗi. Ko kuwa ku haɗa su, layin hatsi da layin wake. Amma ku lura: wake yana da nasa ƙuduji dabam. Cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, wadda aka kafa a 1975, tana aiki a kan irin wake mai jure masa. Ku tambayi malamin gona.

Ta huɗu, tsabta. Irin ƙuduji yana bin iska da ruwa, yana bin hauya da ƙafar dabba. Ku kakkaɓe kayan aiki kafin ku shiga wata gona. Kada ku ajiye zangarniyar iri a ƙasa inda ƙuduji ya yi fure.

Aikin nan ba na damana ɗaya ba ne. Sai an jure shekaru a jere kafin a ga sauƙi. Kuma idan ka cire naka, maƙwabcinka ya bar nasa, iri zai dawo maka. Don haka ku yi shawara wajen mai gari, ku sa ranar gayya.

Ɗalibai, ga aikin wannan mako. Kowa ya rubuta a littafinsa gonar da ƙuduji ya fi yawa, da damin da ta ba shi bara. Baɗi sai a gwada.

Allah ya ba mu damana mai albarka. Sai mako mai zuwa.