BA A SAN MACI TUWO BA SAI MIYA TA ƘARE: JAWABI A KAN MASU DUBAN ZAƁEN AMURKA



Maganarmu ta yau a kan wata sana'a ce da ta yi ƙarfi a ƙasar Amurka, watau faɗin wanda zai ci zaɓe tun ba a jefa ƙuri'a ba. Masu wannan sana'a ba ƙasa suke bugawa ba. Mutane suke bi suna tambaya, wa za ka zaɓa? Sa'an nan su haɗa lissafi, su buga a jarida. Sau da yawa sukan dace, ba mu hana su wannan ba. Amma sun sha faɗuwa ƙasa warwas, kuma a wajen faɗuwar nan tasu darasinmu yake.

Bari mu fara da yadda zaɓen yake. Kowace shekara huɗu, a watan Nuwamba, Amurkawa sukan zaɓi Shugaban Ƙasa. Manyan jam'iyyunsu biyu ne, Dimokurat da Rifablikan. Kafin babban zaɓe kowace jam'iyya takan yi zaɓen fid da gwani, jiha bayan jiha, har wata da watanni, sa'an nan wakilai su yi babban taro su tsai da mutum guda. Shi babban zaɓen kuwa ba yawan ƙuri'un ƙasa duka ake dubawa ba. Kowace jiha tana da nata wakilan zaɓe, jimlarsu yau 538, wanda ya sami 270 shi ya ci. A kusan dukan jihohi, wanda ya fi ƙuri'a, ko da guda ɗaya ce, shi ke kwashe wakilan jihar gaba ɗaya. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

To, ga labari na farko. A shekarar 1936 akwai wata mujalla mai suna Literary Digest, wadda tun daga 1920 har 1932 ba ta taɓa kuskuren faɗin wanda zai ci ba. A wannan shekara ta aika da takardun tambaya miliyan 10 ta gidan waya, fiye da miliyan 2 suka komo mata da amsa. Ta lissafa, ta ce Alf Landon na Rifablikan zai kayar da Shugaba Franklin Roosevelt da kashi 57 cikin ɗari. Da aka yi zaɓe, a cikin jihohi 48 na wancan zamani Roosevelt ya ci 46, Landon ya tsira da biyu tak, Maine da Vermont. Wakilan zaɓe 523 da 8. Kafin shekara biyu ta cika mujallar ta mutu.

Me ya jawo? Ashe sunayen da ta aika wa takardu daga littafin masu tarho ta samo su, da rajistar masu mota, da masu sayen mujallar. Lokacin kuwa Amurka tana cikin matsanancin talauci tun faɗuwar kasuwa ta 1929, miliyoyin mutane ba su da aikin yi, balle tarho, balle mota. Har wa yau, waɗanda ke jin haushin Roosevelt su suka fi ɗokin mai da amsa, masu sonsa da yawa ba su kula ba. A shekarar nan kuma wani mutum, George Gallup, ya tambayi mutum wajen dubu 50 kaɗai, amma ya yi ƙoƙari ya haɗa kowane iri, mai shi da marar shi, na birni da na ƙauye, ya kuwa faɗi daidai cewa Roosevelt zai ci. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Ku fatake kun fi mu sanin wannan. Wanda ya sayi huhun goro don ya ga na sama, bai zura hannu ƙasa ba, in ya isa gida ya tarar da ruɓaɓɓe, wa zai kai ƙara?

Labari na biyu, shi Gallup ɗin ma ranarsa ta zo. A 1948 Shugaba Harry Truman ya kara da Thomas Dewey, Gwamnan New York. Truman ɗan manoma ne, bai yi digiri ba, ya taɓa buɗe kantin tufafi a Kansas City ya karye. Jam'iyyarsa ta rabu uku. Masu lissafi duka suka ce Dewey ya riga ya ci. Ɗayansu, Elmo Roper, tun watan Satumba ya ce magana ta ƙare, Gallup kuwa ya daina tambaya saura mako biyu ko fiye. Truman bai karaya ba. Ya hau jirgin ƙasa yana bin gari gari, yana tsayawa a ƙananan tashoshi yana yi wa manoma da leburori jawabi daga bayan tarago. A makonnin nan na ƙarshe, da ba mai tambaya, mutane da yawa suka komo wajensa. Daren zaɓe wata jaridar Shikago, Chicago Daily Tribune, ta yi gaggawa ta buga da manyan baƙaƙe cewa Dewey ya kayar da Truman. Gari na wayewa sai ga Truman da wakilai 303, Dewey da 189. Hoton Truman yana ɗaga jaridar nan yana dariya har yau ana kallonsa.

Saboda haka in aka kawo muku lissafi, bayan kun tambaya su wa aka tambaya, ku tambaya yaushe. Kuɗin gero na kaka ba shi ne na bazara ba. A watan Yuli na 1988 lissafin Gallup ya nuna Michael Dukakis yana gaban George Bush da kashi 17 cikin ɗari. A Nuwamba Bush ya ci jihohi 40 daga cikin 50. Wata huɗu ke nan kawai tsakani. Ina ga masu haɗa wane da wane tun saura shekara guda, alhali jam'iyyun ba su ko tsai da 'yan takara ba?

Shi zaɓen fid da gwani kuwa ya fi babban zaɓe wuyar duba, gama 'yan gida ɗaya ne ke takara, mai zaɓe ba shi da tutar jam'iyya da zai bi, yakan sake shawara har ranar ƙarshe. A watan Maris na 1952 Sanata Estes Kefauver ya kayar da Shugaba Truman kansa a jihar New Hampshire, kafin watan ya ƙare Truman ya ce ba zai sake tsayawa ba. Kefauver ya ci gaba ya cinye mafi yawan zaɓukan fid da gwani. Amma da aka je babban taro a Shikago, manyan jam'iyya suka ture shi suka tsai da Adlai Stevenson, wanda bai nemi ƙuri'ar kowa a zaɓukan nan ba. Sai bayan rigimar 1968 aka sake dokoki, daga 1972 ƙuri'ar 'yan jam'iyya ta zama ita ce mai yanke magana. Duk da haka duban bai yi sauƙi ba. A Janairun 2008, bayan Barack Obama ya ci jihar Iowa, masu lissafi suka ce New Hampshire ma tasa ce. Hillary Clinton ta ci. Masu cewa to ai ta farfaɗo ke nan su ma suka ji kunya, gama a ƙarshe Obama jam'iyya ta tsayar.

Yanzu mu komo ga wakilan zaɓe da muka ce ku riƙe. A 2016 yawancin masu lissafi sun ce Hillary Clinton za ta kayar da Donald Trump. A ƙuri'un ƙasa duka ta fi shi da kusan miliyan 3, nan ba su yi ƙarya ba. Amma a jihohi uku, Michigan da Wisconsin da Pennsylvania, Trump ya fi ta da ƙuri'un da jimlarsu ba ta kai dubu 80 ba, ya kwashe wakilansu, ya zama Shugaba. Da aka bincika daga baya, sai aka ga masu tambaya a jihohi da dama sun fi jin bakin masu ilmin jami'a, waɗanda ba su yi karatu mai zurfi ba kuwa ba a ba su kasonsu a lissafi ba. Shekara 80 bayan Literary Digest, cutar ita ce dai, ta sake riga kawai.

'Yan'uwa, ba muna cewa lissafin nan banza ba ne. In an yi shi da gaskiya yana nuna inda iska ta dosa. Haɗarinsa shi ne abin da yake yi wa zuciyar mai ƙuri'a. In an ce naka ya ci, sai ka ce ƙuri'ata ɗaya me za ta ƙara, ka tafi kasuwa. In an ce naka ya faɗi, sai gwiwa ta yi sanyi, ka zauna a gida. Ko ta wace hanya an raba ka da haƙƙinka ba tare da an ba ka ko anini ba. Da manoma da leburorin da suka zaɓi Truman sun gaskata jaridu a 1948 sun yi zamansu a gida, da jaridar Shikago ta yi gaskiya.

Don haka duk ranar da wani ya zo muku da takarda ya ce an riga an san mai ci, ku tambaye shi su wa aka tambaya, da yaushe, da kuma a ina. In ya kasa amsawa, ku ba shi tabarma ya huta. In ma ya amsa, ku gode masa, ranar zaɓe ku yi sammako. Mai lissafi bakin mutane yake ƙirgawa, malamin zaɓe kuwa abin da ke cikin akwati kaɗai ya sani.