Wa Zai Rubuta Labarin Sabo?

Jawabin wakilin ɗalibai a taron ƙungiya, Ibadan

Mai girma Sarkin Hausawa, malamanmu, iyayenmu maza da mata, 'yan'uwa ɗalibai.

An kafa unguwar nan ta Sabo a 1916. Kakanninmu suka kawo shanu Kudu, suka tura goro Arewa. Amma littafin da duniya ta san mu da shi baƙo ne ya rubuta, wato Abner Cohen, a 1969, kuma da Turanci.

Mun karanta Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, waɗanda gasar 1933 ta haifar. Mun ji daɗinsu ƙwarai, sai dai ba mu ga kanmu a ciki ba. Ina maigida mai saukar da fatake? Ina ɗan kamasho a kara? Ina yaron da ke Hausa a gida, Yarbanci a kasuwa, Turanci a aji, in ya je Kano kuma a yi wa Hausarsa dariya? To, jama'a, wannan Hausar tamu ce, da ita za mu rubuta.

Tsofaffin da suka san labarin suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka muna roƙon abu biyu. Iyayenmu, in mun zo da biro da takarda, ku zauna da mu. Shugabanni kuma ku ware wa ɗalibai shafi guda a kowace fitowar mujallar nan.

Allah Ya jiƙan magabatanmu. Wassalamu alaikum.